Yadda Ake Cin Tallafin Binciken Ƙwayoyin Halitta da Ɗakin Kara

Kai da ka gaji da jin labarin wane ya samu tallafin Turawa, wance ta tafi taro ƙasar waje, kai kuwa kana nan kana hamma a gindin darbejiya, gyara zama. Yau zan ɗora ka a hanya. Ni ne Sada mai kwamfuta. Shekara goma sha biyu ina buga wa mutanen Daura takardu a shagona na bakin tasha: ta neman aiki, ta neman canjin wurin aiki, ta ƙorafi, har da ta ƙorafi a kan wanda ya yi ƙorafin. Babu irin ƙaryar da ba ta bi ta ƙarƙashin yatsuna ba. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan bakwai, sai mota mai lambar Abuja ta tsaya a ƙofar gidanku. Ban ce ga abin da za ta kawo ba, amma tsayawa kam za ta tsaya.

Ba shaci-faɗi nake yi ba. An gwada hanyar a kan mutum guda, Malam Maharazu, malamin gona na Tudun Gawo, wani ƙauye a ƙasar Sandamu. Da shi zan riƙa yi maka misali.

Mataki na ɗaya: Samo dalilin da zai hana ka jin kunya

Mai neman tallafi don cikinsa kaɗai saurin gajiya yake yi. Ka nemi dalili mai nauyi ka ɗora a ka.

Na Maharazu gwiwar mahaifiyarsa ce. Iya Talatu ita ce ungozomar Tudun Gawo, shekara arba'in tana durƙusawa gaban masu naƙuda, har gwiwoyin suka ce sun gaji. Shekara biyu ke nan tana salla a zaune, ƙafafu a miƙe, sujada sai da nuni. Maharazu kuwa ɗan fari ne, ka kuwa san yadda matan da suke da ɗan fari. Ba ta kallon fuskarsa, ba ta tambayarsa komai, ba ta faɗin sunansa. In ta kama dole sai ta ambace shi, sai ta ce "wannan". Yana da shekara arba'in da uku, da furfura a gemu, bai taɓa jin sunansa a bakinta ba.

Wata rana ya shigo gida ba ta ji sallamarsa ba, ya ji tana ce wa maƙwabciya, "Ni ba na roƙon tsawon rai. In dai zan sa goshina a ƙasa ko sau ɗaya kafin a sa ni a cikinta, ya ishe ni." Maganar ta tsaya masa a rai. Ya kai ta asibiti, an ba ta ƙwayoyi da man shafawa, likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya cinye, kuma abin da ya cinye ya cinye.

Saboda haka ranar da ya ga talla a jarida cewa wata gidauniya ta ƙasar waje na ba da tallafi ga masu binciken wani abu wai shi sitem sel, da maganin da ke sa gaɓar da ta lalace ta sake sabunta kanta, ga kuma zanen gwiwa a gefen tallar, bai ko tsaya shan furarsa ba. Ya hau babur ya taho wurina, jaridar a cikin hula.

Mataki na biyu: Kada ka tambayi wanda ya sani

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Masu sani masu kashe gwiwa ne, kai kuwa gwiwa kake nema.

Daga baya na ji cewa sitem sel wasu ƙwayoyin halitta ne ƙanana a jikin mutum, ido ba ya ganinsu, waɗanda ba su riga sun zaɓi sana'a ba. Ana iya lallashinsu su zama jini ko ƙashi ko tsoka. To, kada ka bari wannan bayani ya shiga kanka yanzu. Ka yi yadda Maharazu ya yi, ka raba kalmar gida biyu.

"Sada," ya ce da ni, "Turanci ba ya son gaggawa. Sitem, mun yi shi a makarantar aikin gona. Akwai saiwa, akwai ganye, tsakaninsu akwai sitem. Kara ke nan."

Na ce haka ne.

"Sel kuwa ko jahili ya san shi. In 'yan sanda suka kama ka, ina suke jefa ka?"

Na ce sel.

"Mene ne sel?"

Na ce ɗaki ne ƙarami.

Ya buga tebur har madannaina suka yi tsalle. "Ɗakin kara! Ɗakin kara suke nema, Sada! Abin da muke jin kunya in baƙi sun zo, shi Bature ke biya a bincika!"

Sauran bayanin ya zo da kansa. Maganin da ke sa abu ya sake tsirowa bayan ya mutu, ai manomi ya san shi, gyauro ke nan. Dawa ta faɗi bara, bana ta fito ba wanda ya shuka ta. Maharazu ya ce ya daɗe yana lura tsofaffin da ke kwana a ɗakin kara sun fi na ɗakin siminti ƙarfin ƙafa, Iya ma sai da ya gina mata na bulo gwiwarta ta tashi. Yana faɗin haka idonsa ya kawo ruwa, don a ransa ya gama yanke hukunci cewa shi ya jawo mata. Na so in ce wani abu. Sai na tuna shafi goma sha takwas ne fom ɗin, ni kuwa shafi-shafi ake biyana.

Mataki na uku: Nemi ƙwararru biyu, ɗaya na duniya, ɗaya na lahira

Gidauniya ba ta son mutum shi kaɗai. Sai ka nuna kana da abokan aiki.

Na duniya ba mu sha wahalarsa ba. Collins, Inyamurin da ke sayar da kayan gyaran babur a shagon da ke jikin nawa, ya shekara ashirin a Daura, Hausarsa har da karin magana. Maharazu ya karanta masa wurin da aka ce za a riƙa sauya gaɓar da ta cinye. Collins ya ajiye sifana, ya goge hannu.

"Malam, wannan ai sana'ata ce. Safaya ce ta jikin mutum. Abu ɗaya za ka tambaye su: sabuwa za su sa, ko Beljiyam? In Beljiyam ce kada ka yarda a sa wa Mama. Gwiwar tsohon Bature ba za ta iya zaman tabarma ba."

Nan take muka rubuta shi a matsayin mai ba da shawara kan sauyin sassa.

Na lahira kuwa, fom ɗin ya nemi shaidar cewa binciken bai saɓa wa addini da al'adar mutanen wurin ba. Ka san tun da aka dawo da shari'a, ba a wasa da irin wannan tambaya. Maharazu ya je wurin limaminsu, Malam Amadu, bayan sallar la'asar, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Allah gafarta Malam, shin ya halatta a yi bincike a ɗakin kara don neman magani?"

Liman ya ja carbi, yana neman inda tarkon yake. Bai gani ba.

"Ban ga hani ba. Sai dai sharaɗi biyu. Kada a cakuɗa maza da mata, kuma kada a shiga da wuta."

Ya rubuta da ajami, ya buga hatimi. Na fassara shi da cewa malaman yankin sun yi nazari mai zurfi sun amince, bisa ƙa'idojin kiyaye mutunci da kiyaye haɗari.

Mataki na huɗu: A fom, gaskiya zalla

Mutane na zaton da ƙarya ake cin tallafi. Kuskure ne. Ƙarya tana da wuyar riƙewa. Ka faɗi gaskiyarka tsaf, ka bar su su fahimci tasu.

Suka ce: sitem sel nawa kuke da su a ajiye? Maharazu ya zaga ƙauye a kan babur ya ƙirgo. Ɗari uku da goma sha biyu, ban da biyu da akuya ta cinye.

Suka ce: daga ina kuke samunsu? Muka ce a nan gida, iyalai ke bayarwa da kansu kowace shekara, ba tilas.

Suka ce: tsawon wane lokaci suke yi ba su lalace ba? Muka ce shekara uku zuwa huɗu, in an kiyaye su daga gara. Kalmar gara ce ta gagare ni a Turanci, sai na sa "ƙananan halittu masu ɓarna".

Suka ce: wace na'urar sanyi kuke amfani da ita, kuma me kuke yi in an ɗauke wuta? A nan Maharazu ya yi dariya. Muka ce namu ba sa buƙatar lantarki ko kaɗan. Ko a tsakiyar bazara cikinsu sanyi ƙalau, kuma kakanninmu ne suka gano dabarar.

Wannan amsar ce ta yi aikin. Bayan wata biyu wasiƙa ta zo. Gidauniya ta ce duk cikin masu nema babu wanda ya yi iƙirarin ajiye sitem sel shekara uku ba wuta. Mun tsallake zagayen farko. Kafin a saki ko sisi, za su turo ƙwararriya ta gani da idonta.

Mataki na biyar: Yi alkawari tun kuɗin ba su zo ba

Alkawari yana ƙara wa mutum himma, don yana toshe hanyar gudu.

Maharazu ya isa gida da hantsi, wasiƙar a aljihun gaba. Iya na zaune a inuwar zana, ƙafafu a miƙe, tana ɓarar gyaɗa. Ya tsuguna daga nesa kamar yadda ya saba, ya fuskanci turmi, don ita ma turmin za ta fuskanta.

"Iya, an dace. Turawa sun yarda da bincikena. Ashe maganin gwiwa a ɗakin kara yake. In Allah ya so, azumin bana da sujada za ki yi tarawihi."

Hannunta ya tsaya a kan gyaɗar. Sannan ta ce wa turmi, "Allah ya sa. Allah ya yi albarka."

Washegari ya sa aka kafa mata sabon ɗakin kara a tsakar gida, ya kwashe shimfiɗarta daga ɗakin bulo ya mayar can. Ba ta yi musu ba. Sati uku tana kwana a ciki, da sauro da komai. Kullum da safe in ya zo gaisuwa ya tambayi gwiwa, sai ta ce wa ƙofa, "Da sauƙi." Shi kuwa ya rubuta a littafinsa: rana ta kaza, da sauƙi. Kafin mako ya zagayo yaran gari sun sa masa suna Dakta Kara, kuma yana amsawa.

Mataki na shida: Tarbi baƙuwa da dukan abin da kake da shi

Ranar Laraba motar ta zo, fara, mai lambar Abuja, yadda na yi maka alkawari. Na rufe shago na bi motar, ni da Collins, shi har da kwat.

Mun zaci Baturiya za mu gani. Sai ga mace ta fito da hijabi ruwan toka, da jaka a kafaɗa, ta yi sallama da Hausa garau. Sunanta Dakta Raihana, 'yar Mai'adua ce, karatu ya kai ta waje, ta dawo tana binciken cututtukan jini. Ta ce ita ta roƙi a turo ta, don tun da ta karanta takardarmu ba ta samu natsuwa ba. In da gaske akwai hanyar ajiye ƙwayoyin nan ba wuta, to an ceci yara masu sikila da ba su da iyaka.

Jin haka na fara neman hanyar gudu da ido. Maharazu kuwa ƙara gyara hula ya yi.

Ya wuce gaba, muka bi shi cikin gida. Ya tsaya gaban sabon ɗakin, ya ɗaga labulen buhu, ya ce, "Likita, ga na gwaji. Sauran ɗari uku da sha biyun suna cikin gari."

Ta leƙa. Tabarma, buta, carbi a rataye, da tsohuwa zaune tana kallonta.

"Ina suke?"

"Su wa?"

"Ƙwayoyin. Sitem sel ɗin."

Maharazu ya dafa jikin ɗakin, karan ya yi ƙara. "Ga shi kina kallo. Karan dawa ne zalla, ba gauraye."

Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Ta dubi ɗakin, ta dubi takardar hannunta, leɓenta na motsi tana raba kalmar gida biyu. Ta juya baya ta toshe baki da gefen hijabi, kafaɗunta na rawa. Ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari. Da ta juyo da hawaye a idonta, ta yi masa bayani a hankali, ba wulaƙanci: ƙwayoyin a jikin mutum suke, a ɓargo, da cikin jinin cibiyar jariri. Ba a gona suke ba.

Collins ya fara ja da baya yana duba agogo. Ni na ga wata kaza da ta ba ni sha'awa, na tsura mata ido.

Maharazu bai damu da dariyar ba. Tambaya ɗaya ya yi. "To gwiwa fa? Na gaskiyan, suna gyara gwiwa?"

Dakta Raihana ta daina murmushi. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba. A wasu cututtukan jini ana amfani da su. Gwiwa kuwa ana kan bincike, ba a kai ba tukuna, kuma duk wanda ya ce masa zai tsirar wa tsohuwa da sabon guringuntsi bana, kuɗinsa yake so.

Ya sulale ya tsuguna a ƙasa. Bai iya duban ƙofar ɗakin ba. Na san shi shekara goma, ban taɓa jin tausayinsa irin na ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba.

Mataki na bakwai: In ƙasa ta ƙi tsagewa, yi shiru uwarka ta yi magana

Daga cikin ɗakin Iya ta ce, "'Yar nan, matso. Cibiya na ji kin ce?"

Dakta ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ta. Ta ce e, jinin da ke saura a cibiya bayan an yanke. Ta ce matsalarta ke nan shekara biyu. A asibitin da take aiki, da ta ambaci cibiya sai mata su ƙanƙame zani. Kowa ya san cibiya da mabiyiya binne su ake yi a gida, ba a ba baƙo. An ce ma tsafi take yi da su.

"Jinin kawai kike ɗiba, ki ba su abarsu su binne?"

"Shi kaɗai, Iya. Kuma sai uwa ta yarda."

"To ai ba ki iya tambaya ba ne. Ba a tambayar mace a kan gwiwa. Tun tana wata bakwai ake zuwa, a zauna da uwar mijin, a sha fura." Iya ta gyara ƙafa. "Na yanke cibiya ta fi dubu a ƙasar nan. Rabin matan da ke gudunki ni na yanke tasu. Kafin reza ta zo ma da ɓawon kara muke yankewa."

Maharazu ya ɗago kai da jin kara, ya sake sunkuyarwa.

Iya da Dakta suka yi kusan awa guda suna magana. Dakta ta ciro wata takarda daban. Ta ce babban tallafin kam babu shi, kuma za ta rubuta wa gidauniya cewa an samu saɓanin fassara, ba za ta ce komai bayan haka ba. Amma akwai ɗan ƙaramin kaso na wayar da kan jama'a, wanda ta rasa wanda za ta ba. Tana son Iya ta riƙa zama da mata tana yi musu bayani. Sai ta tambaya, cikin zolaya, ko kwanan ɗakin kara ya yi wa gwiwar amfani.

"Ina fa," in ji Iya. "A ɗakin kara aka haife ni, a ciki na yi aure, a ciki gwiwar ta fara. Tun ran da ya faɗa na san babu magani a ciki."

"To me ya sa kika yi sati uku sauro na cizonki?"

"Kara na yi masa. Mutum ya zo da murnarsa zai gyara maka ƙafa, ka ce masa me?"

Dakta ta share ido, wannan karon ba na dariya ba, ta koma kan takardarta. Ta ce saura abu ɗaya. Iya ba ta iya yawo, ba ta rubutu. Dole a sa sunan wanda zai riƙa kai ta ƙauyuka, ya rubuta rahoto, mutumin da ta amince da shi. Ta san abin da ya faru yau, saboda haka ba za ta zaɓa mata ba.

"Ga shi nan," Iya ta ce, ta nuna da haɓa. "Wannan."

"Iya, takarda ba ta san wannan ba. Kuma ƙa'ida ce, daga bakinki zan ji. Sunan wa zan rubuta?"

Ni dai na san sunan na nan a shafin farko na fom ɗin da ke hannunta, da manyan baƙaƙe, ni na buga shi. 'Yar Mai'adua ce, ta san abin da take tambaya.

Iya ta dubi turmi. Ta dubi buta. Ta ja gefen mayafi ta rufe rabin fuska. Sannan a hankali, kamar mai taka ƙasa da ƙafar da ta daɗe ba ta taka ba, ta ce, "Rubuta Maharazu."

Dakta Kara, mai furfura a gemu, ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka a gaban baƙi, har Collins ya cire kwat ya rufa masa.

Gargaɗi

Ni Sada ba ni da hannu a duk abin da zai same ka in ka bi wannan hanya. In an yi maka dariya, taka ce. In gidauniya ta kai ka ƙara, ban san ka ba, kwamfutata ma ta lalace. Liman ya ce fatawarsa a kan ɗaki ya bayar, Collins ya ce shi babur ya sani. Kada kuma ka zo kana tambayata labarin gwiwa: har yau Iya Talatu a zaune take salla, ta dai koma ɗakinta na bulo. Maharazu na goya ta a babur ƙauye-ƙauye, kuma ta koma kiransa "wannan" kamar ba a yi komai ba. Ya ce ba ya so ta sake. Sau ɗayan yana nan a ajiye, kuma ba ya buƙatar lantarki.